Garkuwar Jiki In Ta Juya wa Mai Ita, da Yadda A Ke Kwatanta Ta da Lissafi

Kalmar nan "garkuwar jiki" ta zauna daram a bakin Hausawa. Ana jin ta a rediyo, ana jin ta wurin ma'aikatan rigakafi, har tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Tsafe ta san a kan ce yaro kaza garkuwar jikinsa ta yi rauni. Sai dai kalmar ta ɓoye rabin magana. Garkuwa ƙirgi ne busasshe wanda mayaƙi ke tare kibiya da shi. Ba ta haihuwa, ba ta mutuwa, ba ta kuwa kai hari. Abin da ke cikin jikin ɗan Adam kuwa runduna ce mai rai, ta fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ke yawaita su ragu dare da rana. A ɗigon jini wanda bai wuce kan allura ba a kan sami farare dubu 4 zuwa dubu 11, jajaye kuwa wajen miliyan 5. Tun da ya ke runduna ce, tana iya ɓatan kai ta auka wa garin da aka sa ta tsaro. Malamin da ya koya wa ɗalibansa garkuwa kurum, ran da aka tambaye shi yadda garkuwa za ta ci mai ita, sai ya rasa ta cewa.

Cututtukan da ke samuwa ta wannan hanya sun haura 80. A ciki akwai ciwon sukari na yara, da wani irin amosanin gaɓoɓi, da cutar da likitoci ke kira lufus, wadda ta fi kama mata masu shekarun haihuwa. Hausa ba ta riga ta tsai da suna ɗaya da zai tattara su ba. Wani zai kawo karin maganar kaikayi da masheƙiya, amma ba ta dace ba, gama tana nufin mutum ya girbi abin da ya shuka, majinyaci kuwa bai shuka kome ba. Abin da ya fi kyau shi ne a bi tsarin da harshen ya saba da shi, irin na "ci-rani" da "fasa-ƙwauri", a ce cututtukan ci-gida. Haka za a kira su a wannan takarda.

Masana sun daɗe ba su yarda akwai irin wannan cuta ba. A farkon ƙarni na 20 Paul Ehrlich na Jamus ya nuna cewa jiki na da wata hanya ta ƙin yi wa kansa dafi, mabiyansa kuwa suka ɗauki zancen kamar abin ba ya yiwuwa sam. Sai a 1956 aka sami hujja daga Ingila da Amurka, cewa garkuwa na iya cin ƙullutun nan na wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo. A 1957 Macfarlane Burnet na Ostareliya ya bayyana cewa kowace ƙwaya baƙo guda ta sani, in ta gan shi sai ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su cika runduna. A 1961 Jacques Miller ya gano aikin taimos, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, inda a ke horon ƙwayoyin da a ke kira T. A can a ke kashe mafi yawan waɗanda su ka san jikin mai su. Amma tankaɗen ba ya fita sarai, kowane mai lafiya yana ɗauke da 'yan tsirarun da su ka kuɓuce. Abin da ke riƙe da su shi ne Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995, watau wani kashi na ƙwayoyin T ɗin kansu, wajen 5 zuwa 10 cikin ɗari na jinsinsu, waɗanda aikinsu hana 'yan'uwansu ɓarna. A kan wannan aka ba shi lambar Nobel a 2025, tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. A nan za a kira masu kai hari "mahara", masu hana su kuma "matsawata", tilonsu "matsawaci".

To, ina lissafi ya shigo? Ya shigo ne ta wajen yawa. Mai lafiya da majinyaci duk suna da mahara, duk suna da matsawata. Bambancinsu a adadi ya ke, da saurin ƙaruwa da raguwa. Ido ba ya iya bin abu biyu masu canja juna a lokaci guda, amma alƙalami na iyawa.

Abin da Turawa ke nufi da kalmarsu a nan, waɗansu na fassara shi da "samfuri", waɗansu da "misali". Samfuri ɗan yanki ne na hajar da a ke nuna wa mai saye, misali kuwa ya yi faɗi da yawa. "Kwatancin lissafi" ya fi kusa, domin mai yi wa baƙo kwatancen hanya ba ya lissafa kowace itaciya, sai ya faɗi kuka da rijiya da mararraba ya bar sauran. Ginshiƙinsa kuma duk mai rumbu ya san shi: abin da zai kwana a rumbu gobe shi ne abin da ke ciki yau, a haɗa da abin da aka zuba, a fitar da abin da aka ɗiba.

A ƙaddara akwai mahara 100, alƙaluman nan kuwa na koyarwa ne kurum. A ce kowace rana 20 cikin ɗari na rabuwa biyu, 10 cikin ɗari na mutuwa. Ribar yini 10 ke nan cikin ɗari. Gobe 110, jibi 121, cikin kwana 8 sun wuce ninki biyu, ran kwana 30 sun kai wajen 1,745. Yanzu a sa matsawata, su rage masu rabuwa daga 20 zuwa 8. Mutuwa ta fi haihuwa da 2, ran kwana 30 saura kamar 55. Mai karatu ya lura, matsawata ba su kashe kowa ba a wannan lissafi, haihuwa kaɗai su ka rage. Ya kuma lura akwai wata iyaka, daidai inda masu rabuwa su ke 10. Ƙasa da ita runduna na ƙarewa, bisa da ita tana hauhawa, ko da tazarar ta kasance 9 da 11. Abin da ya sa ke nan ɗan canji kaɗan cikin jiki ya kan haifi babbar cuta.

Wannan mataki na farko ne. Na biyu shi ne a tambaya, me ke ƙayyade yawan matsawata? Amsar abin mamaki ce. Matsawata na rayuwa da wani sinadari, intalukin na biyu, wanda su ba su yin sa, mahara ne ke yi. Watau mai tsaro a hannun wanda ya ke tsaro ya ke cin abinci. Lissafin irin wannan zama ya girmi ilmin garkuwa, Alfred Lotka ya tsara shi a Amurka a 1925, Vito Volterra kuma a Italiya a 1926, shi a kan kifayen teku masu cin 'yan'uwansu. A gida sai a ce ɓera da kyanwa. Ɓeraye su yawaita, kyanwoyi su ƙoshi su hayayyafa, ɓeraye su ragu, yunwa ta rage kyanwoyi, ɓeraye su sāke tasowa. Tun da ya ke kyanwa ba ta haihuwa ran da ta ƙoshi, kullum tana bayan ɓera da ɗan lokaci, wannan jinkiri kuwa shi ke sa abin ya riƙa hawa da sauka maimakon ya tsaya wuri ɗaya.

Duk wanda ya yi jinyar mai cutar ci-gida ya san wannan hawa da sauka. Ciwo ya tashi wata biyu, ya lafa wata shida, ya komo. A 2011 waɗansu masana a Sifen su ka gina kwatanci bisa mahara da matsawata, su ka nuna yana fitar da irin tashi da lafawar wata cuta mai cin rigar jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa. A nan akwai abin da ya kamata malami ya ja hankalin ɗalibai a kai. Majinyaci ya kan nemi magani ne lokacin da ciwo ya kai ƙarshen tsananinsa, daidai gab da zai lafa don kansa. Duk abin da aka ba shi a ranar, saiwa ce ko allura, shi zai sha yabo.

Mataki na uku ya fi wuya, shi ne kuma ya fi amfani. Mahara ba su tashi sai wata ƙwaya dabam ta ɗauko ɗan guntun abin da za a yaƙa ta nuna musu. Wurin zama a jikin mai nunin nan kaɗan ne, mahara da matsawata na ƙwace da juna a kansa. Kalet León da abokan aikinsa na Kuba, tare da Jorge Carneiro na Fotugal, sun lissafa wannan a shekarar 2000, su ka tarar abin na da mazauni biyu. In matsawata su ka riga cika wurin, mahara ba su samun sarari, a zauna lafiya. In mahara su ka riga, matsawata ba su cim musu, cuta ta zauna. Wanda ya taɓa hawa dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu ya ga ramukan da ruwa ke kwanciya a kan fā. A ɗauki biyu masu maƙwabtaka, da ɗan tudu tsakaninsu, a sa tsakuwa cikin ɗaya. In an ɗan taɓa ta za ta gangaro wurinta. In an buga ta da ƙarfi ta haye tudun, ta faɗa ɗaya ramin, ko an janye hannu ba ta komowa. Haka wata 'yar cuta mai wucewa ta kan ture jiki cikin ramin ci-gida, ita ta tafi, ɓarnar ta zauna. Gado kuma shi ke yanke zurfin ramin kowa, shi ya sa cuta guda ta kan kama yara goma, tara su warke sarai, ɗaya ya shiga wahala.

Daga irin wannan lissafi, haɗe da gwaji, aka fahimci wani abu da hankali bai kawo ba. Intalukin na biyu abincin ɓangarorin biyu ne, amma matsawata sun fi iya kama shi in ya yi ƙaranci. Sabo da haka in an ba majinyaci kaɗan matsawata ke ƙaruwa, in an ba shi da yawa mahara ke tashi. A 2011 aka buga sakamakon gwajin ba da kaɗan ɗin ga mutane a Faransa da Amurka, aka ga matsawata sun yawaita. Har yanzu dai maganin gwaji ne.

Cutar da ta fi shafar malamin makaranta a Gusau ko Tsafe ita ce zazzaɓin gaɓoɓi mai taɓa zuciya. Ba dominta aka gina kwatancin da aka ambata ba, amma zancen turi ya hau kanta sosai. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi ciwon maƙogwaro, wanda wata ƙwayar cuta mai suna sitireb ke kawowa. Fatar ƙwayar nan ta yi kama da naman ƙofofin zuciya. Bayan mako 2 ko 3, maƙogwaro ya riga ya warke, sai gwiwa ta kumbura, ta sace, idon sawu ya ɗauka. Garkuwa ta kori baƙo, ta koma kan mai kama da shi. Ƙwayoyin da su ka koyi wannan ba su mantuwa, kowane sabon ciwon maƙogwaro ƙarin turi ne, har ƙofar zuciya ta lalace, a ga budurwa na haki in ta ɗauko tulu, ko ta kasa ɗaukar nauyin ciki na fari. Maganinsa tsoho ne, mai araha, watau fenisilin tun ciwon yana maƙogwaro, ga wanda ya riga ya kamu kuma allura duk mako 3 ko 4, shekaru a jere. Cire beli wurin wanzami ba ya kashe ƙwayar.

Sai zancen zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙasar Hausa ke da tsohon tarihi da lissafinsa. Ronald Ross ya nuna tun 1911 cewa ba sai an kashe sauro duka ba, in an rage shi ƙasa da wata iyaka cutar za ta mutu. Aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi da gwamnatin Nijeriya a Garki, cikin tsohuwar Jihar Kano, Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976, ya haifi wani shahararren kwatanci da aka buga a 1974, wanda ya sa garkuwar mutane cikin lissafi. Amma mutane ya ƙirga. Ƙirgar ƙwayoyi cikin jiki guda ta fito da wani abu dabam.

Daga tsakiyar damina zuwa kaka, asibitocin Zamfara kan cika da yara masu farin tafin hannu, jini ya ƙare. An daɗe ana zaton dalili a fili ya ke, ƙwayar zazzaɓi na shiga jar ƙwaya, ta hayayyafa, ta fasa ta bayan sa'a 48. A 1999 Jakeman da abokan aikinsa a Ostareliya su ka ɗauko tsofaffin takardun waɗansu majinyata na Amurka, waɗanda aka sa musu zazzaɓin da gangan a tsakiyar ƙarni na 20 domin maganin tunjere da ya hau ƙwaƙwalwa, aka riƙa auna jininsu a kai a kai. Su ka yi lissafin rumbu: ga abin da ɓargo ke zubawa, ga abin da tsufa ke ɗiba, tun da jar ƙwaya kwana 120 ta ke yi, ga abin da ƙwayar cuta ta fasa. Lissafi ya ƙi cika. Domin ya cika, sai an ƙaddara cewa duk jar ƙwaya ɗaya da cuta ta fasa, lafiyayyu wajen 8 da rabi sun halaka tare da ita. Mai ɓarnar kuwa jiki ne da kansa, saifa na tsince su tana zubarwa. A 2016 masu bincike a Jami'ar New York su ka nuna ɗaya daga cikin hanyoyin, wani antibodi, watau sinadarin da garkuwa ke manna wa abin da ta ke so a kashe, yana mannewa a jikin lafiyayyun ƙwayoyi. Akwai waɗansu dalilai, ƙwayoyin kan yi tauri, ɓargo kuma ya yi sanyin aiki. Kuma manya ne baƙin zazzaɓi aka auna, adadin ba lalle ya zama na yaron Bunguɗu da ya sha kamuwa ba. Duk da haka darasin ya tsaya: jinin yaro na iya ci gaba da raguwa bayan an kashe ƙwayar cutar, uwar da aka sallama daga asibiti ya kamata ta ci gaba da duba tafinsa da cikin idonsa.

Ga kuma ɗaya fuskar, wadda ta yi kamar ta saɓa wa wannan. Brian Greenwood, likita daga Ingila, ya lura a asibitin koyarwa na Badun cewa cututtukan ci-gida ba su da yawa cikin majinyatansa, ya buga wannan a 1968, ya ce watakila yawan zazzaɓi da tsutsar ciki ne ke danne su. A 1970 shi da abokan aikinsa su ka sa wa waɗansu ɓeraye masu gadon ci-gida zazzaɓi, cutar tasu ta lafa. A shekarar nan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya yi shekara goma. A 2004 León da Carneiro su ka nuna kwatancinsu na iya ɗaukar fuskokin biyu: cuta guda mai ƙarfi na iya ture mutum ɗaya, amma yawan haɗuwa da cututtuka a cikin jama'a na ƙarfafa matsawata. An kuma sami wani gado da ke kare yaran Kenya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ne kuwa ke ƙara haɗarin lufus. Wani abin ban sha'awa, maganin da a ke riƙe lufus da shi a yau ɗan'uwan kulorakwin ne, wanda kowane dattijo ya san ɗacinsa da ƙaiƙayinsa.

Tambayar ba ta malamai kaɗai ba ce. Tun 2015 a ke raba wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓi wata wata da damina a Zamfara, ga gidan sauro. In zaton Greenwood ya tabbata, raguwar zazzaɓi za ta zo da ƙaruwar ci-gida nan da shekaru. Wannan ba hujjar sassauta yaƙi da sauro ba ce ko kaɗan, gama zazzaɓi na kashe yara yanzu, dubbai. Hujja ce ta a shirya. Sa'an nan akwai mai ja da zaton tun daga tushe. Da likitocin gaɓoɓi su ka buɗe ɗakunan duba marasa lafiya a Ikko, lufus da aka ce babu sai ga ta. Mai yiwuwa ne ƙarancin da aka gani a 1968 rabinsa ƙarancin masu ganewa ne. Wannan ja yana da ƙarfi, kwatanci kuwa ba ya iya raba gardamar, domin abin da aka zuba masa shi ya ke niƙawa. Mafi yawan alƙaluman da a ke ciyar da shi daga ɓerayen ɗakin gwaji su ka fito, ko daga jinin Turawa. Yana kuma bukatar a auna mutum guda sau da yawa, alhali mai zuwa Asibitin Yariman Bakura daga ƙauyen Tsafe, da tsadar mota da halin da hanya ke ciki, sau ɗaya ya kan zo, sai in ciwo ya kayar da shi.

A nan ne aikin masu nazarin harshe ya ke, tun kafin na masu lissafi. Ba a ƙirga abin da ba a rarrabe ba. Bahaushe ya kan tara ciwon gaɓoɓi duka ƙarƙashin "sanyi" ko "amosani", ma'aikacin lafiya kuma ya rubuta abin da ya ji. Alhali aƙalla abu huɗu ne. Akwai na tsufa, mai kama gwiwa da ƙugu, wanda aiki ke tayarwa hutu ya kwantar. Akwai na sikila, mai sara cikin ƙashi tun ƙuruciya, wannan gadon jini ne, ba ruwansa da garkuwa. Akwai na yaron da aka ambata, mai ƙaura daga gaɓa zuwa gaɓa bayan ciwon maƙogwaro. Akwai kuma na ci-gida, mai kama yatsun hannu biyu daidai wa daida, mace ta tashi da safe hannu a sandare, ta yi sa'a guda ko fiye kafin ta iya riƙe muciya, in ta motsa ya ɗan saki. Ɗalibin Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, ko na Kwalejin Ilmi ta Maru, yana iya koyon tambayoyin da ke raba huɗun nan cikin darasi guda, da Hausa tsantsa: wace gaɓa ce, ɗaya ce ko biyu, da safe ya fi ko da maraice, yana ƙaura ko yana zaune, an yi ciwon wuya kafinsa. Masu lissafi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, in za su gina kwatanci na mutanen Zamfara, daga littafin da aka cika da amsoshin waɗannan tambayoyi za su fara.